Faifan Amurka ya ƙi yi, da masu tsoron 'yan kutse

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena da ke Amurka ya aiko min da faifan DVD na shirin The Lone Gunmen, amma na'urar gidanmu ta ƙi karɓarsa. Ko a hanya ya lalace? (Daga Zariya)

Amsa: Wa'alaikumus salam. Faifanka lafiyarsa ƙalau, ƙanen naka ne bai yi tambaya ba kafin ya saya. Masu harkar fim sun raba duniya shiyya-shiyya: Amurka da Kanada ta 1, Turai ta 2, Najeriya da Nijar kuma ta 5, kuma galibi na'ura faifan shiyyarta kawai take karɓa. Faifan shirin da kamfanin Fox ya fitar a Amurka a watan Maris na 2005 na shiyya ta 1 ne. Saka shi a kwamfuta ka buɗe da manhajar kallon bidiyo ta VLC, galibi yakan yi. In Windows ta nemi ka sauya shiyya, kada ka mayar da abin wasa: sau biyar aka yarje maka, daga nan ta kulle a kan ta ƙarshe.

Tambaya: Na ga guntun shirin nan a WhatsApp, wai sun nuna harin 11 ga Satumba tun kafin ya faru. Haɗi ne? (Daga Maraɗi)

Amsa: Ba haɗi ba ne. An nuna kashi na farko ranar 4 ga Maris 2001, wata shida kafin harin, kuma a cikinsa wasu a gwamnati suka ƙwace ragamar jirgin fasinja daga nesa don ya daki Cibiyar Kasuwanci ta Duniya a New York. Sai dai ka tuna an taɓa tayar da bam a wannan cibiya a 1993, don haka marubucin da ya hango ta ba sai yana da aljanu ba. Shirin ma na barkwanci ne, reshen The X-Files, kuma kashi 13 kawai ya yi aka soke shi.

Tambaya: Malam, tunda na ga yadda taurarin shirin nan uku ke kutsawa kwamfutocin gwamnati cikin minti biyu na kasa barci. Wace manhaja zan saka don kada a kwashe min kuɗi a banki? (Wata Hajiya daga Kano)

Amsa: Hajiya, ki yi barcinki. Byers da Frohike da Langly na shiga ko'ina cikin minti biyu ne saboda shirin bai kai awa ɗaya ba, ga tallace-tallace na jira. Kuma, Allah ya ba ki haƙuri, mai irin wannan gwaninta ba zai ɓata darensa a kan asusun adashe ba.

Wanda zai cuce ki bai iya komai ba sai daɗin baki. Zai kira ki ya ce daga banki ne, za a rufe asusunki yau in ba ki faɗi BVN ɗinki (lambar shaidarki ta banki) da lambar da aka turo miki yanzu ba. Ko ya ce za a yi taron ƙungiya ta intanet, ki karanto masa lamba shida da ta shigo wayarki. Lambar nan ita ce mukullin WhatsApp ɗinki. Da kin faɗa, ya zama ke, sai ki ji yana roƙon 'yan'uwanki bashi da sunanki. Kullum sai na samu wasiƙar "an yi min kutse", in na bi diddigi sai in tarar mai wasiƙar ne ya karanto lambar da bakinsa, wani har da "na gode" a ƙarshe. Wannan ba fasa ƙofa ba ne, miƙa wa ɓarawo mukulli ne.

Manhajojin da ke alƙawarin "korar 'yan kutse" kuwa, da yawansu talla kawai suke cusa miki suna shanye batir. Ki bar su. Ki shiga saitin WhatsApp ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ki zaɓi lamba shida wadda ba ranar haihuwarki ba. Sannan abin da na gaji da faɗa a wannan fili: ki sa wa layinki na waya PIN. Wanda ya fizge waya a kasuwa cire layin yake yi ya sa a wata, ya gwada lambobin banki masu farawa da alamar tauraro (*) da shi. Kulle fuskar waya bai hana wannan. Banki kuma ba ya kira ya nemi lambar sirri. Duk wanda ya nema, ki kashe wayar, ko da ya san sunan kakarki.

Tambaya: Sabuwar laftof ɗina ba ta da wurin saka faifai. (Daga Kumasi)

Amsa: An jima da daina sa musu. Sayi na'urar DVD ta waje mai igiyar USB, ba ta da tsada.