Tambaya da Amsa: Waken Suya Zai Iya Ciyar da Masara?

Tambaya: Taki ya yi tsada. An ce akwai wani baƙin gari da ake cuɗa irin waken suya da shi, kuma in na haɗa waken da masara a gona ɗaya ba sai na sa yuriya ba. Gaskiya ne? Daga wani manomi a Soba, Jihar Kaduna.

Amsa: Malam, rabin maganar gaskiya ne. Garin yana nan, irin su Nodumax da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ke yi. Ƙwayoyin bakteriya ne masu rai a cikinsa. Suna shiga saiwar waken suya su yi ƙulle-ƙulle, su riƙa jawo sinadarin naitirojin daga iska. Waken suke ciyarwa. Masarar da ke gefe ba ta samun wani abin kirki a wannan daminar, don haka kada ka hana ta takinta. Ribarta sai baɗi.

Ga yadda ake yi. Jiƙa ƙaro ko sukari a ruwa kaɗan, ka yayyafa wa irin har ya yi danshi kawai, kada ya jiƙe sharkaf. Zuba gram 10 na garin a kowane kilo ɗaya na iri, ka cuɗa har kowace ƙwaya ta yi baƙi. A inuwa ake wannan aiki, a shanya a inuwa, a shuka ranar a ƙasa mai laima. Nan mafi yawa ke yin asara: zafin rana na kashe ƙwayoyin bakteriyar, haka ma ajiye ledar garin a ɗakin kwano. Duba ranar lalacewarta kafin ka biya kuɗi. A ba waken takin SSP, wato supa, lokacin shuka. Yuriya mai yawa kuwa hana shi ƙullin take yi.

Wajen jerawa, kunya 2 na masara, kunya 4 na wake, tazarar santimita 75. In ka yi ɗaya bayan ɗaya, masara za ta rufe waken da inuwa. Baɗi sai ka musanya, masara ta hau inda wake ya tashi. Wannan juyin na rage wuta-wuta, musamman da irin waken suya kamar TGx 1448-2E. In dabbobi sun ci harawar, a mayar da kashinsu gonar.

Bayan mako 6, tuge tushen wake ɗaya da ƙasarsa ka fasa ƙullin. In cikinsa ja-ja ne, yana aiki. In fari ne ko kore, ba ya aiki.