Tambaya da Amsa: In Sauke Motata Ƙasa Ko In Bar Ta Yadda Take?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da Golf, kuma ina sha'awar in ga ta kwanta ƙasa kamar na abokaina. Wani ya ce zai yanke min zagaye biyu daga kowane sifirin, ko ya gasa su da wutar walda su zauna, wai har ma za ta fi riƙe titi a kwana. To amma na shiga ta abokina da aka yi wa haka, na ji tana tsalle, sitiyari yana fizga. Hankalina bai kwanta ba, don da motar nan nake ɗaukar iyalina. Shin dole ne in zaɓi ɗaya tsakanin kyan gani da lafiyar tuƙi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ba dole ba ne. Sauke mota da ƙima yana da amfani: nauyinta yana matsowa kusa da titi, karkatarta a kwana tana raguwa. Kamfanin Volkswagen da kansa yana fitar da Golf GTI ƙasa da Golf na yau da kullum da kamar milimita 15. Masu ƙera sifirin na musamman irin su Eibach da H&R kuwa, yawancin kayansu na titi tsakanin milimita 25 zuwa 40 suke saukewa. Ka ga ke nan ana maganar faɗin yatsa ɗaya ko biyu ne.

Amma maganar yanka da gashi, don Allah ka yi nesa da ita. Kusan kullum sai na ci karo da wannan aiki a gareji, kuma raina yana ɓaci, domin masu yin sa da gadara suke faɗa wa matasa cewa iya ƙasan mota iya riƙon titinta. Ba gaskiya ba ne. Taya ce ke riƙe titi, aikin sifirin da shokazoba kuwa shi ne su danne ta a kan kwalta ko da an shiga gargada. Hakan ba ya yiwuwa sai ƙafar motar, wato kayan da ke riƙe da taya, tana da sararin hawa da sauka.

In sifirin yana da zagaye 8 masu aiki ka yanke 2, taurinsa ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku, alhali shokazoba ɗin an auna shi ne da taurin farko, ba zai iya tsayar da shi ba. Ga shi an cinye sararin motsi. Da ka taka rami, ƙafa za ta daki robar tsayawa da ke jikin shokazoba, motar ta zama tamkar ba ta da sifirin, taya ta ɗaga. Tayar da ke iska ba ta jin burki, ba ta jin sitiyari. Tsallen da ka ji ke nan.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Na taɓa ɗaga wata mota a jak, ƙafar baya tana sakin jiki sai na ga yankakken sifirin ya bar mazauninsa, da hannu ɗaya na zaro shi ba tare da na kwance ƙusa ko guda ba. Da a kan titi ya yi haka, a guje, a kan tudu, sai dai Allah ya kiyaye. Gashi da wuta kuwa kashe ƙarfen yake yi. An yi wa ƙarfen sifirin horon zafi na musamman a masana'anta, harshen walda yana warware wannan horon. Kuma babu hannun da zai gasa guda huɗu daidai wa daida. Kowane zai ci gaba da zama yadda ya ga dama, motar ta karkace, wata rana wurin da aka ƙona ya karye ba sallama. Mai waldan ba zai kasance tare da kai a ranar ba.

Fizgar sitiyari kuma daga lissafin ƙafa take. Golf tana da ƙafar gaba samfurin MacPherson, wato wadda sifirin da shokazoba suke haɗe wuri ɗaya. In an sauke ta fiye da ƙima, hannun ƙasa (ƙarfen da ke riƙe taya ta ƙasa) da sandar sitiyari suna barin kusurwarsu, sai taya ta riƙa juya kanta duk lokacin da ta hau ko ta sauka. Haka ma masu kwantar da taya ciki har digiri 5 ko 8 don ado: gefen ciki kawai ke taka ƙasa. Ka leƙa, waje sabo fil, ciki har waya ta fito. Motar titi ba ta buƙatar fiye da digiri 1 zuwa 2. Ban ma taɓo kaskon baƙin mai da salansa ba, da ke shan duka a kowane tudun rage gudu.

Idan kwanciya ƙasa sosai kake so, hanyar da aka sani ita ce ƙafa mai jakar iska, a sauke a wurin fakin, a ɗaga in za a yi tafiya. Masu ƙawata mota a Kalifoniya sun koma ga irin wannan dabara, amma da famfon mai maimakon iska, tun bayan dokar 1958 da ta hana sauke jikin mota ƙasa da gindin wili.

Kai da ke ɗaukar iyali, ka nemi sifirin da aka ƙera don samfurin motarka da shekararta, kada saukewar ta wuce milimita 30, ka haɗa shi da shokazoba mai gajeren sanda da ya dace da shi. Bayan an ɗaura a yi alaimen na ƙafa huɗu, a saita fitilun gaba. Abokin naka kuma ka kawo shi a ɗaga motarsa a duba mazaunin sifirin ɗin kafin ya sake hawa babban titi.