Amsar Kawu: Horon Ikkilisiya Nassi Ne ko Al'ada?

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce in dai Allah yana gafarta wa mutum a daidai lokacin da ya tuba, me ya sa ikkilisiya take sa shi a ƙarƙashin horo, ta hana shi Jibin Ubangiji (gurasa da ƙoƙon da masu bi suke tarayya a kai don tunawa da mutuwar Almasihu), ta kai shi bencin baya har watanni? Nassi ne, ko kuwa iyaye ne suka ƙaga?

Tsaba ce haɗe da ƙaiƙayi, sai an sheƙe.

Tsabar tana cikin Matta 18, aya 15 zuwa 17. In ɗan'uwanka ya yi maka laifi, ka same shi ku biyu kaɗai. In ya ji, magana ta mutu a nan, ko matarka ba ta da hakkin ji. In ya ƙi, ka koma da mutum ɗaya ko biyu, masu riƙe baki, ba 'yan bayanka ba. Sai in ya ƙi su ma za a kai gaban ikkilisiya. A majami'unmu, wannan na nufin dattawa su zauna da fasto, su kira mai laifin, su ji ta bakinsa kafin su yanke. In an tabbatar, sai ya sauka daga aikin da yake riƙe da shi, ko ƙungiyar mawaƙa ce, ko koyarwa a makarantar Lahadi, ko ajiyar kuɗin baiko, kuma ya dakata da cin Jibi. Sujada kuwa ba a hana shi, ana ma son ya fi kowa zuwa.

Bencin baya da ƙirga wata uku ko shida, wannan tsarin mutane ne. Ba za ka same su a Bishara ba. Ban ce a watsar ba, domin lokaci yana tona zuciya, kuma ka san kowa ya tuba don wuya ba lada. Amma kada wani ya ce maka watannin ne suke wanke zunubi.

Gafarar Allah nan take ce, ka yi gaskiya. Da annabi Natan ya tsare Sarki Dawuda kan ɗauke matar Uriya da sa a kashe mijin, Dawuda bai kawo uzuri ba, ya amsa cewa ya yi wa Ubangiji zunubi, a wurin kuma aka shaida masa an kawar da shi. Duk da haka yaron da matar ta haifa masa ya mutu a rana ta bakwai, takobi kuma bai rabu da gidansa ba. Gafara daban, gyaran ɓarna daban. Ka karanta Zabura 51 a tsanake: bai roƙi a rufa masa asiri ba, zuciya mai tsabta ya roƙa. A Zabura 32 kuwa ya faɗi yadda shirunsa ya cinye masa ƙasusuwa kafin ya furta.

To, da me dattawa za su gane tuban gaske? Ba da hawaye ba. Kuka a gaban jama'a ba wuya, wani kunyar kamu ce kawai take sa shi. Abin dubawa shi ne mayar da hakki. Zakka mai karɓar haraji, a Luka 19, ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya zalunta kuma zai biya shi ninki huɗu. Shari'ar Musa ma, a Littafin Firistoci sura 6, ta ce a mayar da abin da aka ci a ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Wato wanda ya ci amanar naira dubu 50, dubu 60 zai kawo. Mu ba a ƙarƙashin wannan lissafin muke ba, amma yana nuna inda nauyin yake. Wanda ya ci iyakar gonar maƙwabci ya mayar da kunyoyin kafin damina, a gaban shaidu. Wanda ya ɓata sunan wani a kasuwa, a kasuwar zai gyara, ba a ɗakin fasto ba. Biyayya ke nan. Ka tuna 'ya'yan nan biyu na Matta 21: wanda ya ce "to, Baba" bai je gona ba, wanda ya ce "na ƙi" shi ya sake tunani ya tafi.

Inda abin yake lalacewa kuwa, yawanci a hannun manya ne, kuma ba na jin nauyin faɗa. Ana tsallake matakin farko, sai mutum ya ji laifinsa a sanarwar Lahadi kafin kowa ya taka ƙofarsa. Ana horon abin da ido ke gani kaɗai: yarinya ta yi ciki a kai ta baya, saurayin yana gaba yana kaɗa ganga, mai algus a mudu kuma yana karanta nassi don baikonsa da kauri. Mafi muni, a sa mutum a horo a manta da shi. Ya kamata a ware dattijo ɗaya, ko uwa ɗaya daga zumuntar mata in mace ce, mai ziyartarsa kowane mako, su yi addu'a su karanta Magana tare. In ba haka ba, kafin wata uku ya sauya majami'a ko ya daina zuwa ɗungum. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Bulus ma, a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korintiyawa, sura 2, ya ce horon da suka yi wa wani mai laifi a cikinsu ya isa haka, a yafe wa mutumin a ƙarfafa shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi.

Ranar maidowa, yadda aka sanar da horon a fili haka za a sanar da ƙarewarsa. Fasto ya yi masa addu'a, dattawa su ba shi hannu, ya ci Jibi na gaba tare da kowa, kuma a mayar masa da aiki. Bitrus ya yi musun Ubangiji sau uku, a bakin tekun Galili aka tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, sannan aka danƙa masa kiwon tumaki.

In wani abokinka ne yake kan bencin nan, Lahadi mai zuwa ka je ka zauna kusa da shi. Babu dokar da ta hana. Ka gaida mahaifiyarka.