Amsa ga mai tambaya kan tsofaffin littattafai masu sharhi

Malama, kin ce kina karanta labaran da ake sake ginawa a kan Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce na Abubakar Imam a waya, kina tambaya ko akwai amfanin neman na asali mai sharhi tunda kin riga kin san labarin. Akwai, amma ba kowane sharhi ba.

Mai sake gina labari yakan ɗauki sunaye da zubi, ya bar zamanin a baya. Misali kuɗi: in aka ce zambar goma, wuri 10,000 ake nufi, keso kuwa wuri 20,000. A kuɗin da, sule kwabo 12 ne, fam sule 20, taro kwabo 3. Wanda bai san wannan ba zai wuce wurin ciniki ko tara a gaban alƙali bai gane ko cuta aka yi ko ba'a ba, alhali nan dariyar take. Haka sarautu: Waziri, Galadima, Madawaki, kowa da matsayinsa, kuma wanda ya fara magana a fada ba a banza ya fara ba.

Abu na biyu ya fi muhimmanci a ganina. Su kansu na asalin aro suka yi. Ruwan Bagaja ya fito daga gasar rubutun ƙagaggun labarai da Bature Rupert East ya shirya a nan Zariya a 1933, kuma wasan kura da ke tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe yana da tushe a littafin Larabci Maƙamatul Hariri. Magana Jari Ce ma ya ɗebo daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da na Indiya. Sharhi mai kyau zai nuna miki abin da Abubakar Imam ya tarar da abin da ya sauya har labarin ya zama na Hausa. Da wannan ma'aunin za ki gane ko marubuciyar da kike bi ta ƙara wani abu ko kwafa kawai ta yi.

Ki kiyayi jagorar jarrabawa irin ta 'yan sakandare. Taƙaita labari take yi da jera jarumai, ba ta buɗe kalma. Ki duba ko sharhin yana faɗin shafi, yana fassara tsohuwar kalma da karin magana, yana nuna tushen labari. Kwafin da ke yawo a waya kuma sau da yawa ɓ, ɗ da ƙ sun zube, sai ƙafa ta koma kafa, wani lokaci ma babi guda ya ɓace.

Ki karanta babi sau ɗaya ba tare da leƙa sharhi ba, kina ja wa abin da ya shige miki duhu layi da fensir, sannan ki koma. In kina tsayawa kowane layi, daɗin zancen zai gudu. Littattafan kansu ki nemi bugun kamfanin ɗab'i na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company), nazari mai zurfi kuwa ya fi yawa a kundayen digiri da ke Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru.