Yaushe Baba zai koma Tudun Hatsi bayan aikin zuciya?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mako biyar ke nan da aka yi wa mahaifinmu tiyatar dasa jijiya a zuciya. Hatsi yake sayarwa a Tudun Hatsi, nan Gombe. Ya matsa sai ya koma rumfa, har yana cewa tunda an gyara zuciyar, shan magani ya ƙare. Hankalinmu a tashe yake.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya.

Ƙashin ƙirji ake jira. Tsaga shi aka yi aka ɗaure da waya, kuma yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin ya haɗe. In zama zai yi yana ciniki da lissafi, bayan mako 6 zuwa 8 sai ya fara da rabin wuni. Kama buhu ko tura kura kuwa sai bayan wata 3, da izinin likitansa. Kafin nan kada ya ɗaga abin da ya wuce kilo 5, tuƙi kuma sai bayan mako 6. In daga ƙafa aka ciri jijiyar da aka dasa, ƙafar takan kumbura, ya riƙa ɗora ta kan kujera. In ya ji ƙirjin yana ƙas-ƙas, ko ɗinkin ya fara ruwa, ko zazzaɓi, ko numfashi na yankewa, ku kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya a ranar.

Maganar barin magani ita ce ta fi tayar mini da hankali, don kullum sai mun ji ta. Tiyatar ba ta cire ciwon ba. Sabuwar hanya aka yi wa jini ta kewaye inda ya toshe, kuma kitsen da ya toshe tsohuwar zai iya toshe sabuwar. Asfirin ne ke hana jini daskarewa a cikinta, atorvastatin ke rage kitsen, kuma yawanci har ƙarshen rayuwa ake shan su. In yana shan bisoprolol, maganin rage bugun zuciya, ya yanke farat ɗaya, bugun zuciya zai iya hauhawa, ciwon ƙirji ya dawo. Mutum ya ji garau wata uku ya ajiye ƙwayoyi, sai a kwaso shi ranga-ranga. Masu lasifika a bakin tasha da ke tallar “maganin wanke jijiya” kuwa, wallahi babu jiƙon da ke wanke ta, kuɗin bayin Allah kawai suke ci.

Ɗayanku ya karɓi ragamar maganin, ya riƙa ƙirga ƙwayoyin duk Juma'a, a sayo wasu tun saura na kwana 7.