Amsar Goggo kan dubiya, jiƙon suruka da aikin rage tumbi

Assalamu alaikum ɗiyata. Saƙonki ya iso. Kin ce likitoci sun ba ki shawarar aikin rage tumbi, wato tiyatar rage girman jakar abinci ta ciki, tunda ƙiba da ciwon suga sun haɗu da amosanin gaɓɓan da kike fama da shi, kuma ke da maigidanki kun amince. Kina tambaya ko al'ada ta wajabta miki sanar da dangin miji, ko kuwa ki ce tafiya ce kawai ta kama ki. Kina kuma son sanin yadda za ki yi da jiƙon da Hajiya surukarki take aiko miki daga Kumo, da abincin 'yan dubiya, ba tare da an ce kin raina manya ba.

Hajiya dai dole ta sani, kuma tun kafin ki tafi. Ba a shiga da matar ɗa ɗakin tiyata uwar miji tana ji a bakin maƙwabta. Sai dai a wajenmu mace ba ta kai wa suruka irin wannan magana da bakinta, akwai kunya a tsakani. Mijinki ne zai fara zuwa, bayansa ni da Baffanki mu je a matsayin iyayenki. Sauran dangi ba sai an bi su gida-gida ba, a bar wa Hajiya ta sanar da wanda ta ga dama, wannan girmanta ne. Ɓoyewa ma ba za ta yiwu ba. Cikin 'yan watanni zannuwanki za su yi miki yawa, kuma kin san Gombe: mace ta yi ƙiba a ce hutu ne, ta rame a ce miji ya hana ta abinci, ko an yi mata asiri, ko a raɗa abin da ya fi haka muni. Idan Hajiya ta san gaskiya tun farko, ita za ta riƙa rufe bakin mutane a gidan biki da gidan suna.

In mun je, ba zan bari a kira ciwon nan sanyi ba, domin da zarar an ce sanyi kowace tsohuwa tana da maganinsa a ƙarƙashin gado. Naki daban ne da ciwon gwiwar tsufa. Garkuwar jikinki ce take kai wa gaɓɓanki hari, shi ya sa yatsunki na hannu biyu suke kumbura tare, da safe su sandare har ki kasa murɗa marfin fulas sai rana ta ɗaga. Magungunanki kuwa aikinsu rage wa garkuwar kaifi ne. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga nan ya taso: jikin da aka rage wa garkuwa, ga sabon ɗinki a ciki, ba ya ɗaukar abin da jikin mai jego ko mai zazzaɓi yake ɗauka.

Shekarun da na yi ina aikin jinya sun sa na fi tsoron firednisolon a cikin magungunan da kika lissafa. Kada wani ya ce miki tunda shi ya ƙara miki ƙiba ki ajiye shi kafin aiki. Wanda ya daɗe yana shan sa, jikinsa ya rage samar da nasa sinadarin, in ya daina rana ɗaya jini zai iya faɗuwa har a rasa rai. A hankali likita yake rage shi, kuma mai sa barci a ɗakin tiyata dole ya san kina sha, don a ƙara miki ta jijiya ranar aikin. Allurar da ake miki duk mako biyu kuwa, abin da aka saba shi ne a sa ranar aiki bayan lokacin allura ya zagayo ba a yi ta ba, sannan a jira kamar mako biyu bayan aikin, a ga ɗinki ya kame babu ruwa babu zazzaɓi, kafin a ci gaba. Metotireksat ɗin da kike sha sau ɗaya a mako, wani likitan yakan bar shi, wani ya ɗage shi na ɗan lokaci, wani ya mayar da shi allura saboda cikin da aka yi wa aiki ba lallai ya tsotse shi yadda ya saba ba. Ki sa likitan gaɓɓanki da likitan tiyata su yi magana da juna, su rubuta miki a takarda ɗaya: wanne za a tsayar, yaushe, wanne za a ci gaba. Ki kuma tambaye su wane irin aiki za su yi, domin iri biyu ne aka fi yi. Akwai wanda ake cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a bar siriri, akwai wanda ake ware 'yar jaka da ba ta wuce cin cokali biyu ba a haɗa ta da hanji kai tsaye. Ga mai ciwo irin naki zaɓin yana da nauyi, saboda na biyun ya fi saurin yin gyambo da maganin ciwo.

Wannan ya kawo mu kan jiƙon Hajiya, kuma a nan zan daɗe. Na san da ƙauna take aiko shi. Amma ki dubi robar da kyau: tsohuwar robar ruwa, ruwan ciki ja-ja, gari ya kwanta a ƙasa, babu rubutu ko ɗaya. Ita kanta ba ita ta haɗa ba, a wajen mai lasifika na bakin tasha aka sayo mata. Na sha ganin mata a asibiti fuska ta cika ta kumbura, fata ta yi laushi tana tsagewa, suga ya hau, suna rantsuwa ba su taɓa shan maganin Bature ba sai gargajiya. Wasu masu haɗa maganin sanyi suna daka ƙwayoyin asibiti su zuba a ciki, shi ya sa mutum yake jin sauƙi cikin kwana biyu ya yi ta sa musu albarka. Cikin ƙwayoyin da ake zubawa kuwa, ban da dangin firednisolon masu cika fuska, akwai dangin diklofenak da ibufurofen da firoksikam, waɗanda bayan aikin nan suke cin wurin ɗinki su buɗe gyambo, ya yi jini ko ya huje. Bayan aiki iri na biyu, yawanci hana su ake yi har ƙarshen rayuwa. Ko da sassaƙe ne zalla babu haɗi, hantarki tana ɗauke da nauyin metotireksat, ba ta buƙatar ƙarin abin da ba a san awonsa ba. Tun mako biyu kafin aiki ki ajiye duk wani jiƙo da tsimi da garin magani. Haka nan kemis: kada yaro ya sayo miki Septrin don tari ko gudawa, haɗuwarsa da metotireksat tana iya durƙusar da ɓargo. In gaɓɓai sun motsa, farasitamol, sannan a kira likita.

Yadda za ki yi da ita kuwa sauƙi ne. Ki karɓa da hannu biyu, ki durƙusa ki gode, domin ba a mayar da hannun kyauta baya. Amma kada ki yi mata ƙaryar kin sha, gobe za ta ninka. Ni zan gaya mata likita ya hana komai shiga bakinki sai da izininsa, in kuma roƙe ta ta riƙe mana ɓangaren addu'a: saukar Alƙur'ani, sadakar masa ranar Juma'a, tofi. Babba in aka ba shi nasa aikin ba ya jin an ture shi. Wanzami kuma kada ya kusance ki. Ƙaho da tsaga da sakiya a kan gwiwar da ta kumbura, ga garkuwa a ƙasa, hanya ce ta shigar ƙwayar cuta cikin gaɓa.

Dubiya kam ba za mu hana ba, haƙƙin Musulmi ne a kan ɗan'uwansa, kuma zumunta a ƙafa take. Na san yadda za ta kasance: kuloli jere a tsakar gida, tuwon shinkafa da miyar taushe, farfesun kayan ciki, katan na lemon kwalba, wata ta zauna bakin gado tana cewa daure ki ci ko loma uku ce, ciwo ba ya tafiya da yunwa. Loma ukun nan a makon farko za ta iya mayar da ke asibiti. Kusan mako biyun farko ruwa-ruwa ne kawai, kurɓi-kurɓi, sai mai laushi kamar tataccen faten wake da kifin da aka murje, abinci sosai sai wajen mako shida zuwa takwas, yadda suka tsara miki. Romon kaza da aka tace aka kwashe mai zai yi, kindirmo marar suga zai yi in an tabbatar da tsabtarsa. Kunu mai zaƙi da zuma da lemo mai gas su ne masu sa jiri da zufa da bugun zuciya da gudawa jim kaɗan bayan sha. Kulolin a karɓa a gode, a ciyar da yara da masu jinya da almajirai, ladan wanda ya kawo yana nan. Addarki ta zauna a bakin ƙofa ta zama mai magana, don ke ba za ki iya ce wa manya a'a ba. Ita za ta roƙi mai tari ko mura ya gaishe ki daga zaure, yaro mai ƙarambau ko ƙyanda kuma kada a shigo da shi ko kusa.

Ruwa ki riƙe shi da muhimmanci, kamar lita ɗaya da rabi a yini, kaɗan-kaɗan, ba tare da abinci ba. Zafin garin nan a watan Maris da Afrilu ba wasa ba ne, kuma ƙoda ce take fitar da metotireksat, in jiki ya bushe sai ya taru ya zama guba. Ranar da amai ya ƙi tsayawa, ko bakinki ya yi gyambo, ko zazzaɓi ya zo, kada a jira safiya. Saboda wannan ne ma azumin da zai fara zuwa bayan aikin ba naki ba ne sai likita ya ce, Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, ki rama in kin warware. Duk inda aka yi aikin, ki dawo da takardun sallama, a buɗe miki fayil a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe don gwajin jini a kai a kai. Ƙwayoyin ƙarin jini da na ƙashi da bitamin B12 kuma na tsawon rai ne, balle ke da firednisolon ya riga ya taɓa miki ƙashi.

Saura magana ɗaya da na san kunya ta hana ki tambaya. Da zarar kin fara ramewa za a fara cewa saura ƙani ga autanki, kuma haihuwa takan zo da sauƙi bayan ƙiba ta ragu. Likitoci suna cewa a jira shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi bayan aikin, metotireksat kuma yana lalata ciki ko ya nakasa jariri, sai an tsayar da shi da watanni an canza wani kafin a nemi ciki. Ƙwayar tazarar haihuwa ta sha ba abin dogaro ba ce bayan aiki iri na biyu, ki nemi wata hanyar a asibiti tun kafin tafiya. Wannan tsakaninki da mijinki ne, ba sai ta kai kunnen kowa ba, in kuma kina jin nauyin faɗa masa ki turo min shi.

Ki ɗauki hoton kwalayen magungunanki duka ki aiko min, har da waɗanda kike saya da kanki. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa a yi a sa'a. Ki gaishe min da yara.

Goggonki.