Amsa: Ko annoba tana sa a ɗage zaɓen ƙasa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko annoba kan sa a ɗage zaɓen ƙasa. Tana sawa, amma ba ko'ina ba. Lokacin korona, Habasha ta ɗage nata daga Agustan 2020 zuwa Yunin 2021. Yankin Tigray da ke arewacin ƙasar ya ƙi yarda, ya yi nasa zaɓen a Satumban 2020, kafin shekarar ta fita yaƙi ya ɓarke. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali, don ɗage zaɓe ƙarin wa'adi ne ga wanda ke kan kujera.

Koriya ta Kudu kuwa ta yi na 'yan majalisa a Afrilun 2020, da takunkumi da safar hannu da gwajin zafin jiki a bakin rumfa, kuma jama'a suka fito sosai. A Amurka miliyoyi sun aika ƙuri'a ta gidan waya, ƙidaya ta ɗauki kwanaki.

Mu nan, INEC ta yi zaɓen gwamna a Edo da Ondo a 2020, ta wajabta takunkumi. Sai dai ka tuna layin rumfar zaɓe a Tudun Wada ko Sabon Gari: wa zai ba da tazara a wannan cinkoso? Tsofaffinmu ne za su fara zama a gida, ƙuri'arsu ta salwanta.